Ɗan Ƙudan Kasuwar Garwa da Sirrin Rabuwar Ƙwayar Halitta

Da bazara, lokacin da mangwaro ya cika kasuwannin Garwa har ana kasa shi tsibi-tsibi a bakin titi, akwai wani ɗan mitsitsin ƙuda mai jajayen idanu da ba ya rabuwa da masu sayar da kayan marmari. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Ba ya cizo, kuma ba ruwansa da ɗan itacen da ke da lafiya. Wanda ya fashe ya fara tsami shi yake bi, da ɓawon ayaba, da tumatirin da ya kwana ya ruɓe, domin abincinsa yis ne da ke tsirowa a kan abin da ya fara lalacewa. Masana suna kiransa Drosophila melanogaster. Kada a haɗa shi da babban ƙudan nan da ke huda mangwaro tun yana bisa ya zuba masa ƙwai, har a yanka a tarar da tsutsa. Wancan Bactrocera dorsalis ne, baƙo daga Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003 kafin ya bazu zuwa Kamaru da maƙwabtanta, kuma asara kawai yake jawo wa manomi. Wannan ƙaramin kuwa ɗan gida ne, asalinsa Afirka, kuma duniya ta ci moriyarsa fiye da yadda mu masu korarsa da mafici muka sani.

Abu ɗaya zan ɗauka daga cikin ɗimbin abubuwan da aka koya a jikinsa: yadda ƙwayar halitta, wato sel, take raba kayan gadonta gida biyu daidai wa daida in za ta zama biyu. Da jin maganar sai a ɗauka ta masu farar riga ce a ɗakin bincike. Amma tana da hannu a maganin tsutsar ciki da ake raba wa 'yan makaranta, da audugar da ake nomawa daga Garwa zuwa Marwa, da jaririn da aka haifa da ƙaramin kai.

Mazarin da ke cikin sel

Jikin babban mutum yana ɗauke da sel kimanin tiriliyan 30, kuma dukkansu daga guda ɗaya suka fito. Aikin rabuwa ba ya tsayawa bayan haihuwa. Ɓargo kaɗai yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Kafin kowace rabuwa, sel tana kwafe kuromosom ɗinta, wato ƙunshin da ƙwayoyin gado suke jere a ciki. Mutum yana da 46, ɗan ƙudan nan yana da 8. Bayan kwafi sai rabo, kuma a nan haɗarin yake, domin dole kowace sabuwar sel ta tashi da cikakken kasonta, ba ragi ba ƙari.

Abin da ke yin rabon wani gini ne na zarurruka da sel take kafawa na ɗan lokaci, ta rushe shi da zarar an gama. Yana da kumburi a tsakiya, ya tsuke a kawunansa biyu, siffar mazarin da tsofaffinmu ke kaɗi da shi in ya cika da zare, kuma sunan da masana suka ba shi ke nan a harsunansu. Bajamushe Walther Flemming ya zana matakan wannan rabuwa a littafinsa na 1882, amma an daɗe ana gardama ko zarurrukan na gaske ne, ko kuwa sinadaran da ake kashe sel da su kafin a duba ta ne suke haifar da su. Sai a 1953 Shinya Inoué, ɗan Japan mai aiki a Amurka, ya nuna su a cikin sel mai rai.

Kowane zare bututu ne siriri, faɗinsa nanomita 25, kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. An gina shi da wani furotin mai suna tubulin, ɗaya bisa ɗaya. A 1984 Tim Mitchison da Marc Kirschner suka gano halinsa: yana cikin tsawo sai kawai ya juya ya fara warwarewa, can kuma ya sake miƙewa. Da wannan kai da komo ne yake laluben cikin sel har ya dace da maƙalar da ke jikin kuromosom. Dole a kama kowane kuromosom ta ɓangare biyu, zare ɗaya daga wannan kai, wani daga wancan. Muddin akwai ko guda da ba a kama daidai ba, sel tana riƙe aikin. In an kama duka, sai a yanke furotin ɗin da ya manne kwafi biyun, kowanne a ja shi zuwa nasa gefen.

Tambayar da ta ci shekaru ita ce: wa ke shirya wannan gini? Zare ba ya san inda kai yake ko inda tsakiya take. Akwai furotin-furotin da ke tsirar da shi, da masu jan sa, da masu tattara shi, da masu datse shi, kuma kowane furotin akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Hanyar gano su ita ce a lalata ƙwayar gado ɗaya a ga abin da zai rushe.

Dalilin da ya sa aka zaɓi ƙuda

Thomas Hunt Morgan ya fara kiwon waɗannan ƙudaje a kwalaben madara da ayaba a Jami'ar Columbia da ke New York, kuma a 1910 ya tsinci namiji guda mai fararen idanu wanda ya buɗe masa ƙofar fahimtar gado. Ɗalibinsa Calvin Bridges ya nuna a 1916 cewa wani lokaci kuromosom biyu sukan ƙi rabuwa su tafi gefe guda, kuma ana ganin sakamakon a jikin 'ya'yan. Wannan shi ne kuskuren mazari na farko da aka bi diddiginsa ta hanyar gado.

Ƙudan yana da sauƙin kiwo. Daga ƙwai zuwa balaga kwana 10 ne a zafin digiri 25. Ƙwansa kuma abin kallo ne ga mai nazarin mazari: cibiyoyin gado suna rabuwa sau 13 a jere cikin kimanin awa biyu, na farkon kowanne cikin minti 8 zuwa 10, duk a tare, har a kai wajen 6,000 jere a ƙarƙashin ɓawo. Akwai wata fa'ida kuma da ta fi wannan. Uwa tana cusa wa ƙwai isassun furotin daga jikinta, saboda haka ko ɗan ya gaji lalatacciyar ƙwayar gado, yakan rayu da guzurin uwarsa har ya zama babbar tsutsa. Sai guzurin ya ƙare matsalar take bayyana. Mai bincike ya fiɗe tsutsar, ya ciro ƙwaƙwalwarta, ya latse ta a kan gilashi, ya ga da idonsa yadda mazarin ya lalace.

Ta haka Pedro Ripoll da abokan aikinsa a Madrid suka bayyana wata ƙwayar gado a 1985 da suka kira asp. In babu ita, kawunan mazari ba sa tsukewa, zarurruka sai su baje. A 1988 Claudio Sunkel da David Glover suka ba da labarin polo, a 1995 kuma Glover da mutanensa a Dundee ta Sikotlan suka fito da aurora. Waɗannan biyun ba zare suke ginawa ba, umarni suke bayarwa: suna liƙa wa wasu furotin alamar fosfet, su kunna wannan su kashe wancan a daidai lokacinsa. A kowane kan mazari akwai wata 'yar cibiya mai suna santurosom wadda zare ke tsirowa daga gare ta. Polo ce ke nunar da ita ta yi ƙarfi kafin aiki. In aka rasa aurora, santurosom biyun ba sa nisantar juna, sai a sami mazari mai kai ɗaya, kuromosom sun kewaye shi zobe, ba wanda ya san inda zai nufa.

Sai kuma masu aikin ƙarfi, furotin da ke tafiya a kan zare taku bayan taku suna ƙona makamashin sel. Ron Vale da abokansa ne suka gano kainisin, na farko a danginsa, a 1985. A jikin ƙuda akwai Klp61F mai kai a kowane ƙarshensa, wanda ke riƙe zare biyu da suka fito daga kawuna dabam-dabam ya riƙa ture su, ta haka kawunan mazari ke nisa da juna. Ncd kuma baya yake tafiya, yana janyo su. Tsawon mazari yana fitowa ne daga wannan ja-in-ja, tare da wani makamancinsa: Msps yana ƙara wa zare tubulin, Klp10A yana zare masa. A rage na farko mazari ya gajarce, a rage na biyu ya yi tsawo fiye da kima. Ni dai wannan ne ya fi ɗaure mini kai a dukkan lamarin. Ba a ajiye wani awo a cikin sel da ya ce ga tsawon da ake so ba, amma ƙarfi ya gamu da ƙarfi, girman ya fito daidai, sau biliyoyi a kowace rana. Mai tunani ba zai wuce wannan bai yi tasbihi ba.

Tsawon shekaru ana tsintar waɗannan ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya. A 2007 Gohta Goshima, ɗan Japan da ke aiki a ɗakin binciken Vale a San Francisco, ya bi su kaf. Ya yi amfani da sel ɗin ƙuda da ake rainonsu a faranti, irin da Imogene Schneider ta samar tun 1972, da wata dabara ta toshe bakin ƙwayar gado guda ba tare da taɓa saura ba. Shi da abokansa suka bi ƙwayoyin gado 14,425, maikuroskof mai sarrafa kansa yana ɗaukar hotuna, kwamfuta tana aunawa, su kuma suna dubawa da ido. Suka fito da kimanin 200 da mazari ke bukata, kuma fiye da rabinsu ba a zaci suna da hannu a aikin ba.

A cikinsu akwai wasu da in an toshe su, kawunan mazari suna nan lafiya amma jikinsa ya zama fayau, zare kaɗan. Shekara guda bayan haka aka gane cewa ƙungiya ɗaya ce, aka sa mata suna augmin. Aikinta shi ne ta zauna a gefen tsohon zare ta kira gama-tubulin, furotin mai fara sabon zare, sai reshe ya fito daga jikin wani zaren. Wannan ya warware wani ƙulli. Tun 2006 Renata Basto da Jordan Raff a Cambridge sun samar da ƙudajen da ba su da santurosom sam, saboda lalacewar ƙwayar gadon Sas-4, kuma ga mamakin kowa suka girma har suka ƙyanƙyashe da cikakkiyar sura. Sun mutu jim kaɗan bayan haka, saboda jijiyoyin jinsu ba su da 'yan gashin da ke bukatar wannan cibiya, har ba sa iya tsayuwa. Amma sel ɗinsu sun rabu. Ashe mazari yana da hanya fiye da ɗaya ta samun zare: daga santurosom, daga kewayen kuromosom, da kuma daga jikin wani zaren.

Inda maganar ta iso gida

A 2002 wasu likitoci a Leeds ta Ingila, ƙarƙashin Geoffrey Woods, suna binciken iyalai 'yan asalin arewacin Pakistan da ake haifar musu yara masu ƙaramin kai da ƙaramar ƙwaƙwalwa. Da suka kai ga ƙwayar gadon da ta sami tawaya, sai ga shi 'yar'uwar asp ce ta ƙuda, aka kira ta ASPM. Ita ce kan gaba cikin masu haddasa nau'in wannan lalura da ake gada daga iyaye biyu. Bayan shekara uku aka ƙara gano wasu biyu, ɗaya 'yar'uwar Sas-4 ce, ɗayar kuma 'yar'uwar wani furotin ɗin santurosom da aka riga aka sani a ƙuda. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana bukatar iyayen sel su yi ta rabuwa cikin tsari, in mazari ya karkace sai su ƙare da wuri. A 2013 ɗakin binciken Basto a Paris ya nuna cewa ƙudan da ya rasa asp shi ma ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce.

Wannan ya shafe mu, domin auren zumunci al'ada ce mai ƙarfi a tsakanin Hausawa da Fulani, a Garwa kamar a Yola da Kano. Uwa da uba kowannensu zai iya ɗaukar tawayar guda ɗaya yana lafiya ƙalau bai sani ba, sai an haɗu a jikin yaro ta bayyana, kuma a kowane ciki yiwuwar hakan ɗaya ce cikin huɗu. Ba duk ƙaramin kai ba ne na gado. Cutar da ta kama uwa tana da ciki, irin su rubela da Zika, tana jawo shi. Abin da nake jin zafinsa shi ne yadda ake ɗora wa uwa laifi, ko a ce ta gamu da iska, ko an yi mata sammu. In na gado ne, rabi daga gare ta yake rabi daga mijinta, kuma babu wanda ya zaɓa. Haka ma lalurar Down, inda yaro ke zuwa da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu, kamar yadda aka tabbatar a Faransa a 1959. Kuskuren da Bridges ya gani a ƙuda ne ya faru a jikin mutum. Ƙwan mace, na mutum da na ƙuda, yana gina mazarinsa ba tare da santurosom ba, shi ya sa har yau ake nazarin ƙwan ƙuda don fahimtar namu.

A kantin magani ma labarin yana nan. Albendazol da mebendazol, da ake ba yara don tsutsar ciki, da albendazol ɗin da makiyaya ke ɗura wa shanu da tumaki, suna kama tubulin na tsutsa ne su hana ta gina zare, kuma sun fi kama nata da ƙarfi a kan na mutum. Giriseofulbin da ake sha don makero yana dagula mazarin naman gwarin da ke cin fatar kai. Binkiristin kuwa, wanda aka samo daga wani fure ɗan asalin Madagaska da ake shukawa a tsakar gida don ado, yana cikin magungunan sankarar yara, har da sankarar Burkitt mai kumbura muƙamuƙi, wadda ta yi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Yana hana zare tsawo, sel ɗin sankara ta maƙale a tsakiyar rabuwa ta mutu. Jijiyoyi ma da irin wannan zare suke aiki, shi ya sa mai shan maganin kan ji tafin hannu da ƙafa suna mutuwa. A nan dole in ja kunne: dafa ganyen furen a sha ba magani ba ne, guba ne. An kuma ƙera magunguna masu toshe 'yan'uwan polo da aurora na jikin mutum, an gwada su a kan masu sankara, sai dai sakamakon bai kai yadda aka sa rai ba tukuna.

Garwa garin auduga ne. A nan hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON take tun kafuwarsa a 1974. Audugar da ake nomawa yau tana da kuromosom 52, ninki biyu na 26 da tsofaffin nau'o'in Afirka da Asiya ke da su. Masu inganta iri sun koyi yin irin wannan ninki da gangan tun 1937, ta hanyar jiƙa tsiro da kolcisin, wanda ke rushe mazari: sel ta kwafe kuromosom, ta kasa raba su, ta zauna da ninki biyu. Tsirrai masu fure ba su da santurosom ko kaɗan, kuma an gano cewa suna dogara sosai da augmin ɗin nan da aka fara gani a sel ɗin ƙuda.

Ƙudan namu, binciken wasu

Bincike ya nuna asalin wannan ƙuda kudancin tsakiyar Afirka ne, wajen Zambiya da Zimbabuwe. A 2018 masana daga Jami'ar Lund ta Suwidin suka same shi a dajin Matobo na Zimbabuwe yana manne da 'ya'yan itacen marula, wanda danginsa ne muke kira danya, kuma tana nan a dazukan Arewacin Kamaru. Ƙudajen Afirka sun fi na Turai da Amurka bambancin gado nesa ba kusa ba. Da John Pool da abokansa suka tashi karanta gadon ƙudajen nahiyar a aikin da suka wallafa a 2012, cikin wuraren da aka kamo su akwai Oku a Kamaru da Maiduguri a Najeriya. An kamo a nan, an karanta a can.

Abin ya fara sauyawa. Ƙungiyoyin TReND in Africa da DrosAfrica sun shafe fiye da shekara goma suna koya wa matasan masana kiwon ƙuda da bincike da shi. A Ibadan, Amos Abolaji ya kafa cibiyar bincike da horo a kan wannan ƙuda. Jami'ar Jos tana da ɗakin ƙudaje. A Damaturu, Mahmoud Bukar Maina ya buɗe cibiyar BioRTC a 2021, da maikuroskof na zamani, a garin da zafinsa da ƙurarsa ba su da bambanci da na Marwa. Garwa kuwa ta sami jami'arta a Janairun 2022, tana da tsangayar koyon likitanci, ga reshen Cibiyar Pasteur, ga ɗakin binciken lafiyar dabbobi na LANAVET a Bokle, ga cibiyar binciken noma ta IRAD. A ganina ba abin da ya fi dacewa da sabuwar jami'a mai ƙaramin kasafi irin wannan ƙuda. Abincinsa a ɗakin bincike garin masara ne da sukari da yis da ɗan abin daskarar da su. Ɗalibin likita da ya fiɗe tsutsa ya rina ƙwaƙwalwarta ya ga kuromosom jere a tsakiyar sel ba zai sake haddace matakan rabuwa don jarrabawa kawai ba. Wannan mataki na farko maikuroskof na makaranta ya ishe shi. Ganin zaren kansa da launi shi ne ke bukatar na'ura mai tsada, kuma ita ce za a iya haɗa kai da jami'o'in Ngaundere da Marwa a sayi guda.

Babban cikas shi ne zafi. Namijin ƙudan da aka raina a digiri 30 ko sama yakan zama bakarare, Garwa kuwa a watan Afrilu tana kai 40 da rana. Dole a sami akwatin sanyi mai riƙe digiri 25 dare da rana, da wutar sola da batir don kada ɗaukewar wuta ta yini guda ta shafe aikin shekara. Amma a cikin cikas ɗin akwai tambayar da ta fi dacewa a yi ta a nan. Jean David da abokansa a Faransa sun nuna cewa ƙudajen Indiya sun fi na Faransa jure zafi kafin maniyyinsu ya lalace. Samar da maniyyi kuwa yana bi ta rabuwar sel sau da yawa a jere, kowacce da nata mazarin, kuma wutsiyar maniyyin da irin wannan zare aka gina ta. Ƙudajen da ke hayayyafa a kwandon mangwaro a bakin kogin Binuwai a tsakiyar bazara suna shan zafin da na ɗakin binciken Cambridge ba su taɓa sha ba. Ɗalibi a Garwa zai iya kama su da kwalba da guntun ayaba, ya raina su a digiri 25 da 28 da 30 da 32 gefe da gefe da irin da aka kawo daga Turai, ya ƙirga 'ya'yan da kowane namiji ya haifa, ya fiɗe marainansu ya duba a wane mataki rabuwar take fara lalacewa.